Matsalolin Huhu da Ke Biyo Bayan Ƙandarewar Hanta: Abin da Za Mu Iya Ganewa da Kayan Aikin da Ke Hannunmu

Tsakure

Wannan takarda ta duba hanyoyi uku da ciwon hanta mai nisa ke bi ya taɓa huhu: taruwar ruwa a ƙirji, buɗewar ƙananan jijiyoyin jini na huhu, da hawan jini a jijiyoyin huhu. Haki ne alamar dukansu, amma asalinsu daban, kuma abin da zai taimaki mai ɗaya yana iya halaka mai ɗaya. Hujjar takardar ita ce, ko da yake dashen hanta ya fi ƙarfin yawancin majinyatanmu, rarrabe waɗannan cututtuka bai fi ƙarfinmu ba, kuma rashin rarrabewar ne ke sa a jera majinyaci a layin masu tarin fuka ko masu ciwon zuciya, a ba shi abin da zai ƙarasa hantarsa.

1.0 Gabatarwa



Duk jinin da ya fito daga hanji da saifa, jijiyar fotal ce ke kwasarsa ta kai shi hanta. Hanta ta tace shi, ya wuce ɓangaren dama na zuciya, daga nan sai huhu. Ke nan huhu shi ne zango na farko bayan hanta. Idan hanta ta ƙandare, wato tsokarta ta koma tabo kan tabo, jini ba ya samun hanya a cikinta. Matsin jini a jijiyar fotal sai ya hau. Bambancin matsin da bai kamata ya wuce mmHg 5 ba, idan ya kai 10 matsaloli sun fara. Daga nan jinin ya nemi ɓarauniyar hanya, ya kewaye hanta, ya isa huhu da duk abin da ya ɗebo daga hanji ba tare da an tace ba.

Wannan batu namu ne. Ƙididdigar NAIIS ta 2018 ta nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya a 2022. Da yawa daga cikin namu tun suna jarirai suka kamu, shi ya sa muke ganin magidanta 'yan shekara 30 zuwa 40 da kumburarren ciki da shawara a ido. Ga kuma tsargiyar hanji a yankunan noman rani, wadda zan dawo kanta.

A ɗakin kwanciya hankalinmu kan tafi ne ga aman jini, kumburin ciki da ruɗewar ƙwaƙwalwa. Idan majinyaci ya ce numfashinsa na sarƙewa, amsar da ta fi kusa ita ce, "Ai cikin ne ya tokare ƙirji," ko "Ƙarancin jini ne." Sau da yawa haka ɗin ne. Amma ba kullum ba.

2.0 Ruwan ƙirji mai tushe daga hanta

Da wannan zan fara domin shi muka fi haɗuwa da shi, kuma a kansa aka fi yin ɓarna.

Kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ƙandararriyar hanta ruwa kan taru musu tsakanin huhu da bangon ƙirji, alhali zuciyarsu da huhunsu da ƙodarsu ba su ne sila ba. Ruwan ciki ne ya haura. A tantanin da ya raba ciki da ƙirji akwai wurare marasa kauri, musamman a dama, inda ƙananan huji da ba su kai santimita 1 ba kan buɗe. Duk lokacin da mutum ya ja numfashi matsin cikin ƙirji yana sauka, sai ƙirjin ya zuƙo ruwan sama. Wannan ne dalilin da ya sa kusan kashi 85 cikin 100 a dama ake samunsa. Shi ne kuma dalilin da ya sa wani majinyacin za a tarar ƙirjinsa cike da ruwa, cikinsa kuwa a shafe: ruwan yana haurawa tun kafin ya taru. Ciki yana iya ɗaukar lita 8 ko 10 mutum yana yawonsa, amma lita 1 zuwa 2 a ƙirji ta isa ta hana shi barci.

Mu ɗauki hoton da kowannenmu ya sani. Manomi ne ramamme, yana tari, yana haki, an ɗauki hoton ƙirji an ga gefen dama ya yi fari fat. A ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, me zai fara zuwa zuciyar likita? Ba laifi ba ne a yi zaton tarin fukar, wato tibi. Laifin shi ne a ɗora shi kan magani ba a zuƙi ruwan an auna ba. Uku daga cikin magungunan tibi huɗu na farko, wato isoniazid, rifampicin da pyrazinamide, suna iya yi wa hanta lahani, pyrazinamide kuwa ba a son a kusanto da shi ga wanda hantarsa ta riga ta gaza. Garin neman gira sai a rasa ido.

Sirinji ɗaya na ruwan ya isa ya raba gardama a mafi yawan lokuta. Ruwan hanta tsinkakke ne, garai-garai, mai launin rawaya-rawaya, furotin ɗinsa yawanci bai kai giram 2.5 a desilita ba, kuma idan aka cire albumin ɗin ruwan daga na jini, ratar ta kan wuce 1.1. Ruwan tibi kuwa furotin ɗinsa da yawa, fararen ƙwayoyin jini nau'in limfosait sun cika shi, sinadarin ADA kan haura 40. A kula da abu biyu. Ƙa'idojin Light na 1972, na rarrabe nau'in ruwan ƙirji, suna iya ruɗar mutum idan majinyaci ya daɗe yana shan maganin fitsari, domin ruwan ya kan yi kauri. Sannan gwajin GeneXpert a ruwan ƙirji yana yawan tsallake tibi, don haka in bai nuna komai ba, bai wanke majinyaci ba. Mai ciwon hanta ma yana kamuwa da tibi, garkuwar jikinsa ta raunana. Idan ruwan a hagu yake, ko da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari, sai a tsananta bincike.

Ɓarna ta biyu ita ce robar ƙirji. Ganin ruwa ya cika gefe guda, hannun likitan tiyata kan yi ƙaiƙayi ya saka roba ya bar ta tana zuba a kwalba. A nan kuskure ne babba. Kamar yasar rijiya ce mai ido: kana kwasa tana kawowa. Kowace rana majinyaci na zubar da furotin da gishirin jikinsa a kwalba, ƙoda ta fara gazawa, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, ramin robar ya ƙi rufewa. Ƙungiyar masana hanta ta Turai a 2018 da ta Amurka a 2021 duk sun ce a guji robar, sai fa in mugunya ce zalla a ƙirjin.

To me za a yi? Maganinsa maganin ruwan ciki ne. A rage gishiri zuwa sodiyam giram 2 a rana, wato gishirin miya kusan giram 5. A nan dole likita ya yi magana da mai girki, ba da majinyaci kaɗai ba. Idan aka ce wa uwargida "a daina sa gishiri," za ta daina, amma ta ƙara dunƙulen magi don miya ta yi daɗi, ta jefa kanwa a miyar kuka ko a wake, a kawo yaji da kilishi a matsayin dubiya. Duk sodiyam ne. Sai spironolactone miligiram 100 da furosemide miligiram 40, ana ƙarawa a hankali har 400 da 160 in ƙoda ta yarda, ana auna fotasiyam. A hana shi diclofenac da ibuprofen na kemis. Idan numfashi ya tsananta a zuƙe ruwan da allura, kada a wuce lita 1.5 zuwa 2 a zama ɗaya, a cire allurar. Inda akwai hali ana yin TIPS, wato a saka siririn bututu a cikin hanta ya rage matsin jijiyar fotal.

Ruwan nan yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta ba tare da namoniya ba. Xiol da abokan aikinsa a Basalona sun same shi a kusan kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka kwantar da ruwan ƙirji a 1996, kuma a wasunsu ruwan cikin lafiyarsa lau. Ma'auninsa shi ne fararen ƙwayoyin jini nau'in nitrofil sama da 250 in shukar ruwan a ɗakin gwaji ta fitar da ƙwayar cuta, ko sama da 500 in ba ta fitar ba. Wani lokaci ba zazzaɓi. Majinyaci kawai zai fara sambatu ko fitsarinsa ya ragu. Ceftriaxone ake bayarwa, ba gentamicin ba, kuma ko a nan ba a gaggawar saka roba.

3.0 Buɗewar jijiyoyin huhu

Wannan ita ce cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da HPS. A 1884 wani likita mai suna Flückiger ya bayyana wata mata mai ƙandararriyar hanta, jikinta ya canja launi don ƙarancin iska, kan yatsunta ya kumbura. Kennedy da Knudson ne suka raɗa wa cutar suna a 1977. Abu uku ke tabbatar da ita: ciwon hanta ko hawan matsin fotal, ƙarancin oksijin a jini, da shaidar cewa ƙananan jijiyoyin huhu sun buɗe.

Faɗin ƙaramar jijiyar huhu ta mai lafiya maikiron 8 zuwa 15 ne, daidai yadda jajayen ƙwayoyin jini za su bi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta gogi bango ta karɓi oksijin. A HPS faɗin yana kai maikiron 100, har ya wuce. Ƙwayoyin da ke tsakiya sai su wuce ba su samu rabonsu ba, balle ma zuciyar mai ciwon hanta tana harba jini da sauri. Gwaje-gwajen Fallon da abokansa a kan ɓeraye sun nuna hannun sinadarin endotelin-1 da nitirik oksaid wajen saki jijiyoyin, da kuma ƙwayoyin cutar hanji da ke kutsawa cikin jini. A cibiyoyin dashen hanta ana samun cutar a kashi 5 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda aka auna. Tsananinta ba lallai ya bi tsananin ciwon hantar ba.

Akwai alama ɗaya da ba ta buƙatar ko sisi, tambaya kawai. Mai ciwon zuciya zai ce maka, "Likita, ba na iya kwanciya, sai na tara matashin kai." Mai HPS akasin haka zai faɗa: "In na tashi zaune numfashi ya ƙwace, in na kwanta sai in ji dama." Dalili kuwa, buɗaɗɗun jijiyoyin sun fi yawa a gindin huhu, in ya miƙe jini ya gangara can. Ba kowane mai cutar ke da wannan alama ba, amma in aka ji ta, a riƙe ta da kyau. A saka masa na'urar ɗan yatsa mai auna oksijin yana kwance, a rubuta. A tsayar da shi na 'yan mintuna, a sake rubutawa. A duba yatsunsa. A duba harshe da cikin leɓe, domin canjin launi ba ya nunawa a baƙar fata yadda littattafai suka zana. Hoton ƙirji kuwa yawanci ba ya nuna komai, kuma nan ne ake sallamar majinyaci da cewa gajiya ce.

Ita ma na'urar ɗan yatsa sai an yi hattara da ita. An daɗe ana cewa ƙasa da kashi 96 ne abin tuhuma, amma wani bincike na 2019 a Amurka ya nuna wannan ma'auni yana tsallake mafi yawan masu cutar. A gare mu kuma akwai ƙarin damuwa. Sjoding da abokansa a Jami'ar Mishigan sun ruwaito a 2020 cewa, cikin waɗanda na'urar ta nuna 92 zuwa 96, kashi 11.7 na baƙaƙen fata ainihin oksijin ɗinsu bai kai 88 ba, fararen fata kuwa kashi 3.6. Ma'ana, 95 a yatsan majinyacinmu ba ta isa a kwantar da hankali ba in yana haki. Gwajin iskar jini daga jijiyar wuyan hannu shi ne alƙali: ratar oksijin tsakanin huhu da jini ta kai mmHg 15, ko 20 ga wanda ya haura shekara 64. A wannan gwaji, oksijin ƙasa da mmHg 60 mai tsanani ne, ƙasa da 50 mai tsanani ƙwarai.

Shaidar buɗewar jijiyoyi kuwa, duk asibitin da ke da na'urar eko, mai ɗaukar hoton zuciya, zai iya samo ta. Sirinji biyu ake buƙata, da makunni mai baki uku, da ruwan gishiri na ƙarin ruwa mililita 9, da iska kusan mililita 1. A tura ruwan daga wannan sirinji zuwa wancan da sauri har ya yi fari da ƙananan kumfa, a harba shi a jijiyar hannu, mai eko yana kallon ɗakunan zuciya huɗu. Ɗakin dama zai yi fari. A mai lafiya kumfan ya kan maƙale a huhu, ɗakin hagu ya zauna baƙi wuluk. In kumfa ya bayyana a hagu kafin bugu 3, huji ne a zuciya. In ya bayyana tsakanin bugu 3 zuwa 6, ta huhu ya bi, jijiyoyin sun buɗe. Aikin bai wuce 'yan mintuna ba.

Game da magani, gaskiyar ba ta da daɗi. An gwada pentoxifylline, norfloxacin da sorafenib, ba wanda ya tabbata. Wani ƙaramin gwaji a Indiya a 2010 ya nuna tafarnuwa ta ɗan ɗaga oksijin, amma hujjar ba ta kai a gina magani a kanta ba, kuma ina roƙon kada a faɗi wannan ga dangi ta yadda za su ɗauka an samu waraka. Oksijin yana rage wahala. Dashen hanta kaɗai ke warkarwa. A rahoton asibitin Mayo na 2005, kashi 76 na waɗanda aka yi wa dashe sun kai shekara 5, waɗanda ba a yi wa ba kashi 23.

Wani zai ce, to mene ne amfanin gano cutar da ba mu da maganinta? Amfaninsa uku ne a wurina. Majinyaci zai huta da sayen maganin asma da na tibi da na zuciya da ba za su yi masa komai ba. Iyalin da ke da halin zuwa Masar ko Indiya ko Afirka ta Kudu za su tafi da wuri, tun oksijin bai faɗi ƙasa da 50 ba, lokacin da haɗarin aikin ke ƙaruwa. Wanda ba shi da hali kuma yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar abin da ke damunsa, kada ya sayar da gona a kan neman abin da ba ya nan.

4.0 Hawan jinin huhu

Wannan kishiyar ta baya ce. Maimakon jijiyoyi su buɗe, sai su tsuke, bangonsu ya yi kauri, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa har ya gaji. Mantz da Craige ne suka fara bayyana ta a 1951. Ana samunta a kusan kashi 5 cikin 100 na masu jiran dashe, ta fi kama mata. Haki wajen tafiya, kasala, jiri ko suma, kumburin ƙafa da cikar jijiyar wuya su ne alamunta, kuma yawancinsu ana iya jingina su ga hantar kanta, shi ya sa take ɓuya.

Eko ne ke fara nuna ta, amma ba ya yanke hukunci. Mai ciwon hanta jininsa na gudu da yawa, ruwa ya yi masa yawa, wannan kaɗai kan ɗaga matsin ba tare da jijiyoyin sun tsuke ba. Sai an zura siririn bututu zuwa dama na zuciya an auna. Ƙa'idar Turai ta 2022 ta ce matsakaicin matsi sama da mmHg 20, turjiyar jijiyoyi sama da ma'aunin Wood 2, matsin ɓangaren hagu kuma bai wuce 15 ba. Muhimmancin lambobin ya fito a nazarin Krowka na 2000: duk waɗanda matsinsu ya kai 50 aka yi musu dashe sun rasu, tsakanin 35 da 50 kuwa kusan rabi.

Abin da ya shafi aikinmu na yau da kullum shi ne propranolol. Muna ba da shi ga kusan kowane mai kumburarrun jijiyoyin maƙoshi don hana aman jini, kuma daidai ne. Amma binciken Provencher a Faransa a 2006 ya nuna masu wannan hawan jini sun fi iya tafiya bayan an janye musu shi. In an tabbatar da cutar, ɗaure jijiyoyin maƙoshin da zobe ya fi. TIPS da ke taimakon mai ruwan ƙirji, a nan yana iya kashe zuciya. Sildenafil na taimakawa kuma ana samunsa. Macitentan ya rage turjiyar jijiyoyi da kashi 35 a gwajin PORTICO na 2019. Kafin a ba da sildenafil a tabbatar ba sikila ba ce silar, domin an dakatar da gwajinsa a masu sikila a 2009 saboda ya ƙara musu tashin ciwo.

Sai tsargiya. Jama'a sun fi sanin ta fitsarin jini, amma ta hanji, wato mansoni, ƙwayayenta a hanta suke maƙalewa, su haifar da tabon da Symmers ya bayyana a Alƙahira a 1904. Mai wannan cuta idonsa ba shawara, gwajin hantarsa kusan lafiya, sai dai saifa ta girma, wata rana ya yi aman jini. Ƙwayayen kan bi ɓarauniyar hanyar nan su isa huhu. A Sawo Fawlo ta Barazil, Lapa da abokansa sun sami hawan jinin huhu a kashi 4.6 na masu irin wannan tsargiya a 2009. Yankin Jazira na Sudan, inda Hausawa da yawa ke noma, sananne ne da ita. Duk manomin rani ko masunci da ya zo da babbar saifa da haki, a yi masa eko. Praziquantel zai kashe tsutsar, amma ba a dogara da shi ya gyara jijiyoyin da suka riga suka lalace.

5.0 Kira ga abokan aiki

Yawancin alƙaluman da na kawo daga cibiyoyin dashe na Amurka da Turai suke, inda giya da nau'in C da kitsen hanta suka fi yawa. Majinyatanmu sun fi ƙuruciya, nau'in B da tsargiya ne a gaba, ga tibi da sikila a gefe. Muna buƙatar namu alƙaluman, kuma tattara su bai fi ƙarfin sashen hanta da sashen zuciya na asibitin koyarwa ɗaya ba, in suka yarda su zauna tare: rajista guda, oksijin a kwance da a tsaye, eko da gwajin kumfa ga kowane mai ƙandararriyar hanta. Wannan aiki ne da ɗalibin da ke neman ƙwarewa zai iya ɗauka ya gama.

Can baya kuma, duk waɗannan matsaloli rassa ne, tushensu ciwon hanta. Rigakafin nau'in B yana cikin jadawalin Najeriya tun 2004, amma allurar farko da ake so a yi cikin awa 24 da haihuwa tana kuɓuce wa jariran da aka haifa a gida, kuma su ne da yawa a Arewa. Tenofovir ƙwaya ɗaya ce a rana, tana iya tsayar da cutar kafin hanta ta ƙandare, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa waɗanda suka cancanci a ba su.

Roƙona ga duk wanda zai koma ɗakin kwanciya: kada a fara maganin tibi, kada a saka robar ƙirji ga mai ciwon hanta, sai an zuƙi ruwan an kai ɗakin gwaji.